Bindigarka Tana Bayan Littattafaina

Assalamu alaikum, Abba.

Ina fata kun sauka Kano lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba. Allah ya sa ka shiga ɗakin makarantar nan a sa'a, ya haɗa ka da abokan zama masu tsoronsa, ya tsare min kai a tafe da a zaune. Babanku yana sa maka albarka. Ƙanwarka Yagana ma tana gaishe ka, ko da yake na san kafin motarku ta fita daga Haɗeja ta kwashe tarkacenta ta koma ɗakinka.

Tunda kana karanta wannan takarda, ka buɗe buhun kayan sulkenka, ka ciro kwalkwalin, ka same ta a ciki inda na cusa ta. Na kuma san abin da ka fara lalubawa kafin kwalkwalin. Ka kwance tsohon zanina mai ganye-ganye, ka tarar da rake a maimakon bindigarka. To, ni ce. Kada ka kira Yagana kana yi mata faɗa, ba ta san komai ba. Babanku ya sani, shi ya sa ya ce shi zai ɗaukar maka buhun zuwa tasha, kai kuma kana ta mamakin yaushe ya fara tausayin kafaɗarka. Bindigar tana saman kwabata, bayan littattafaina, kuma nan za ta zauna. Raken mai zaƙi ne, ka sha, ka sam wa abokin ɗakinka.

Na san abin da kake faɗa yanzu kana zagaya ɗakin. Kana cewa ai bututun ruwa ne da soso da guntun silifas, ko sauro ba za ta kashe ba. Kana cewa taron masu shigar jaruman sararin samaniya ya kusa, ka yi ta shiri tun bara, yaya mayaƙi zai je ba makami. Duk na sani. Ni na riƙe maka bututun kana yankawa. Zauna ka karanta. Da baki na gwada, ba ta yiwu ba. Da na fara magana sai ka ce "to Umma" idonka yana kan waya, ni kuma ga kunyar ɗan fari, ga sunan surukina da aka sa maka, ko doguwar hira ba na iya yi da kai in akwai mutane a tsakar gida. A takarda babu mai kallona.

Ba zan ce maka ka bar wannan aiki ba. Ni ce na shiga cikinsa da ƙafata tun ranar da ka nuna mana hoton mutanen nan masu kama da tukunyar ƙarfe, ka ce mayaƙan wata duniya ne can bayan taurari, kuma kai ma za ka ƙera irin kayansu da hannunka. Babanku ya kalla ya ce, "Wannan ko gona ba za a shiga da shi ba," ya ɗauki butarsa. Ni kuwa, da na ɗebe shekaru ina ƙona tuwo saboda littattafan soyayya, tambaya ɗaya na yi maka.

"Wa yake so?"

"Umma, yaƙi yake yi."

"Na ji yaƙi yake yi. Saboda wa?"

Sai na ƙirƙira maka amsa. Na ba shi masoyiya da aka tsare a wani tauraro mai sanyi, na ba shi ciwon da ya ji a ƙirji garin kare ta. Daga ranar na zama mai ba da shawara a wannan sana'a, kuma kusan duk shawarar da na ba ka sai da ta jawo mana magana. Ka san su, amma zan jero maka su, don can babu ni, kai kaɗai za ka riƙa yin kuskurenka.

Na farko kwali. Ka ce kana buƙatar kwali mai kauri na yin kafaɗu da cinyoyi. Na ce me zai kai ka shagunan masu firji kana roƙo, ga kasuwar kifi nan cike da kwalaye masu ƙarfi, waɗanda ake ɗaure banda a ciki a kai har kudu ba su yage ba. Gaskiya na faɗa, ƙarfi suna da shi. Ka yanka, ka lanƙwasa, ka shafa fenti mai ruwan azurfa, ka fito tsakar gida kana sheƙi. Da rana ta taɓa ka sai gidan ya ɗauki ƙamshin miya. Kakarka Hajja tana kan tabarma, ta ɗaga hanci ta ce, "Falmata, yau tarwaɗa aka sayo ba a faɗa min ba?" Magen maƙwabta ta bi ka har zaure. Washegari muka tarar ta cinye kafaɗar hagu. A littattafan da nake karantawa, in jarumi ya shigo, turarensa ne yake riga shi isowa. Nawa jarumin kuliyoyi ne suke raka shi. Saboda haka duk kwalin da za ka ɗauka a Kano, ka fara kai shi hancinka. Ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. Fenti yana rufe launi, ba ya rufe wari.

Na biyu gam. Na ce maka sayen gam ɓarna ne, tunda ga garin rogo, in dama maka shi da kauri kamar yadda muke yi in za a manna takarda. Na dama, ya kama da kyau, har ina yi maka gori. Sai damina ta sauka. Ka san yadda ɗakunanmu suke yi in kogi ya cika, bango yana gumi, tabarma tana danshi, ashana ma sai an lallaɓa ta. Cikin 'yan kwanaki sulken ya yi laushi kamar gurasar da aka yayyafa wa ruwa, ya yi furfura, kiyashi suka yi layi daga bakin ƙofa zuwa ƙirjinsa, ɓeraye suka ƙarasa sauran. Ka zauna a bakin rijiya ba ka ci abinci ba, ni kuma ina kicin ina yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona. Abin da ɗan Adam zai iya ci, kada ka manna sulke da shi. Kuma ka rataye kayanka a ƙusa, nesa da bango, ko da an ce maka Kano ba ta da danshi irin namu.

Daga nan ka koma gam ɗin masu gyaran takalma, ka kuma bar kwali ka koma soso da tsofaffin silifas, kana gasa su da dutsen gugata har su lanƙwashe. Dutsen gugar har yau yana barin baƙi a jikin kaya, amma bari wannan. Ni na ce ka riƙa rufe ƙofa in kana aiki, don kada Babanku ya dawo ya ga tsakar gida kamar bola. Ka rufe ƙofa da taga, kana shafa wannan gam mai hawa kai, kana fitowa ido jajur kana layi. Ba a jima ba maƙwabciyarmu Talatu ta shigo da mayafi har ƙasa da fuskar ta'aziyya, ta zauna kusa da ni, ta rage murya.

"Maman Yagana, haƙuri za ki yi. Yaran yanzu sai addu'a."

"Me ya faru?"

"Warin sholisho har ɗakina. Akwai wani malami a hanyar Kafin Hausa, yana ba da rubutu, ɗan yayata ma shi ya raba shi da abin."

Sai da na ja ta har ɗakinka na nuna mata safar hannu ta soso tana bushewa a kan kujera. Ta kalla ta kalla ta ce, "To wannan ɗin ma a karɓo masa rubutun." Ka ga, kafin maganar ta mutu sai da Babanku ya yi bayani a majalisarsu. A makaranta babu wanda zai zo ya tambaye ka. Kawai za su yanke hukunci su kai ka gaba. Ka yi aikin gam a fili, inda iska take, inda kowa yake ganin hannunka. Ka fara nuna wa abokin ɗakinka da mai kula da ɗakunan abin da kake yi tun kafin su shaƙi warin. Huhunka ma ba na aro ba ne.

Sai maganar ɗinki. Da ka gama sulke na uku, wanda ka yanka ƙirjinsa daga tsohuwar gorar kamun kifi da yayana Kawu Bukar ya ba ka, igiyoyin suna ta kwancewa. Na ce kawo, na ɗauko allura da zaren buhu na ɗinke ka a ciki, gaba da baya, yadda ko guguwa ba za ta motsa shi ba. Muna cikin yaba aikin aka kira la'asar. Ba ka iya sunkuyawa, ba ka iya kai hannu fuska, balle ka wanke ƙafa. Babanku ya tsaya da hula a hannu yana kallonmu.

"Mayaƙin zai yi sallah, ko a duniyarsu an ɗauke musu?"

Da almakashi na fito da kai, har na haɗa da rigarka ta ciki. Duk abin da za ka sa a jikinka, ka tabbata kai kaɗai za ka iya cire shi, da hannunka, cikin gaggawa, ba sai an nemo uwarka da almakashi ba. Ka sa maɓalli, ka sa zif, ka sa abin da ka ga dama. Ka gwada cirewa kafin ka gwada sawa a gaban mutane.

Waɗannan duka abin dariya ne yanzu, har Hajja tana ba baƙi labari. Na bindigar ne ba na dariya ba, kuma saboda shi na zauna rubutu.

Ka tuna yadda ka fara yin ta. Shuɗiya ce, da wasu 'yan fitilu da ka ciro daga matacciyar tocila, baki kamar mazurari. Ka kawo min kana murna. Ni kuma na kalle ta na taɓe baki, na ce wannan ai ta wasan yara ce ranar sallah, mutumin da zai ƙwato masoyiyarsa daga tauraro ba zai riƙe wannan ba. Na ce ka rage bakin, ka ƙara mata tsawo, ka yi mata baƙin fenti. Ka yi. Ta fito baƙa amma ba ta da rai, kana gani ka san roba ce. Sai na shiga ɗaki na ɗauko tandun kwallina. Na zuba kwallin a tsumma na goga a jikin bututun, na bi gefe-gefe da kusurwoyi, ina gogawa kana kallo. Abba, kai ma ka ja da baya. Ta ɗauki wannan sheƙin na ƙarfen da hannu ya daɗe yana taɓawa. Ka ce duk bidiyon da ka kalla babu wanda ya san wannan dabara. Na kwana ina jin kaina. Kwallin da nake sa wa idona don Babanku ya kalle ni, da shi na mai da bututun ruwa abin da za a iya kashe mutum saboda shi.

Kwalkwalin ma da hannuna a ciki. Ka ce ƙwaryar da ka yi shi da ita tana gurje maka kunne, na yanko soson katifa na cika gefe biyun dam. Wajen ido kuma ka liƙa baƙar ledar hoton ƙashi ta asibiti, wadda aka ɗauki ƙafar Babanku lokacin da ya faɗi a babur. Kyau dai ya yi kyau. Sai dai wanda yake ciki ba ya ji, kuma ba ya ganin komai sai abin da yake gabansa sak.

Sai muka je ƙauyenmu na wajen Guri gaishe da su Kawu Bukar, lokacin an fara yankan shinkafa. Kai ka so a ɗauki hoton a bayan gida, jikin katanga. Ni na ce a'a. Na ce bakin ruwa za mu, gab da magariba, rana ta yi ja a bayan ciyawar kacala, kamar bangon littafi. Ban tambayi kowa ba. Da na tambayi ko matar Kawu, da ta faɗa min cewa a 'yan kwanakin an yi ta sata a fadama, an kwashe wa mutane shinkafa a gona, an kore shanun wani, har 'yan sintiri suna kwana a kan gaɓa. Kowa a garin a tsorace yake, ni kaɗai ce nake tafe ina tsara labari. Muka fita ta bayan gari da buhu, ka shirya a bayan wata bishiya, ka hau tudun da aka yi don tare ambaliya, ka tsaya da baƙar bindiga a hannu, rana tana bayanka.

Kai ba ka ga abin da ya faru ba, labari aka ba ka, kuma kowa ya ba ka nasa da dariya a ciki. Bari in ba ka nawa. Na ja baya cikin ciyawa ina riƙe da wayarka, na ɗaga maka hannu alamar ka juyo a hankali, yadda muka shirya, kamar wanda ya ji muryar masoyiyarsa daga nesa. Idona yana kan gilashin wayar. Na ji hayaniya ta gefen dama, na ɗauka masu shinkafa ne suke tashi daga aiki. Na ji ana cewa "ajiye, ajiye ta," har na ji haushi za su ɓata min ɗauka. Sai a kusurwar hoton na ga mutum ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya ɗora bindigar maharba a kafaɗa. Bayansa wasu da gora da adda. Sun yi maka tsawa ya fi a ƙirga. Kai kuwa soson da na cusa maka ya toshe kunnenka, kana ta juyowa a hankali, da kyau, yadda na koya maka, bakin bindigarka yana tafiya yana neman inda suke.

Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba. Sunan mahaifin mijina ne, kuma kai ne na fari. Ko a asibiti in an tambaya, Babanku ne yake faɗa, ni in sunkuyar da kai. Ranar nan na kira shi. Na kira shi da muryar da ban san ina da ita ba, a gaban maza, a garin da aka haife ni, mayafina a cikin taɓo, ina gudu ina faɗuwa ina hawa tudun. Ka saki bindigar ta faɗi. Daga baya ka ce min tsawar mutanen ba ka ji ta ba, amma wannan ka ji, don ba ka taɓa jin sunan a bakina ba, ka ɗauka mutuwa aka yi.

Kawu Bukar yana cikin mutanen, ya taso daga ruwa da sandarsa. Muryata ya gane, ya daka wa mai bindigar tsawa ya bugi bakinta sama. Ya hau tudun yana haki, ya zagaya ka, ya ƙwanƙwasa ƙirjinka da ɗan yatsa.

"Wannan ai gorata ce. Ga ɗinkin da gyartai ya yi mata nan."

Ɗinkin da na ce ka bari a matsayin ciwon da jarumi ya ji saboda soyayya. Mutane suka fashe da dariya, wani ya ɗauki bindigar yana jujjuyawa yana cewa wallahi ko a hannu sai ka ɗaga ta kafin ka gane. Wanda ya durƙusa ɗin bai yi dariya ba. Ka san shi, yaron kirki ne, ɗan ƙawata ne ta ƙuruciya. Ya zauna a ƙasa, ya ce min, "Inna, na riga na ɗora yatsa." Kawu ya juyo kaina a gaban kowa ya ce, "Falmata, shi yaro ne. Ke fa? Har yanzu littattafan nan ba su sake ki ba?" Na sauka na ɗauko mayafina daga taɓo. Har yau in na je garin, matan gidanmu suna tsokanata, wai ashe na san sunan, su sun ɗauka mantawa na yi.

To kai abin da ya ba ni haushi da kai ke nan. Kafin mu dawo Haɗeja ka mai da abin labarin ban dariya. Ka goge taɓon, ka ƙara mata kwalli, da kwallina, ba ka ko tambaye ni ba. Da za ka tafi kuma ka naɗe ta ka sa a buhu za ka bi da ita hanyar Kano, hanyar da ake tsayar da mota a sauke kaya a kwance ɗauri. Na ce maka in an buɗe fa? Ka ce, "Sai in yi musu bayani, Umma." Bayani. A bakin ruwa mutanen da suka san kakanka ne, suka ci tuwo a gidanmu, kuma da kyar aka kai ga bayani. A shingen hanya wa zai ƙwanƙwasa ƙirjinka ya ce gorarsa ce? A unguwar da ba a san ɗan wa kake ba, in wani ya hango ka ta taga da wannan abu, wa zai tsaya ya ɗaga ta ya ji nauyinta? Mai tsoro ba ya jiran bayani, kuma ba mugu ba ne don ya ji tsoro. Na ga fuskar yaron nan. Da ya taɓa kunamar, rayuwa biyu ce ta lalace, har da tasa.

Na san ɗauke bindigar ba ta ƙare magana ba. Hannunka na tare da kai, bututun ruwa kuma ba ya wuya a Kano. Kafin wata ya mutu ka ƙera wata, watakila ta fi wannan. Shi ya sa ban tsaya a rake ba, na haɗa da takarda.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce irin waɗanda na saba ba ka. Wadda za ka ƙera, kada ta zama baƙa, kada ta yi ruwan toka, kada kwalli ko wani abu mai kama da shi ya taɓa ta. Ka yi ta yadda mai raunin ido, daga nesa, da magariba, zai gane ba ta duniyar nan ba ce. Kai da farko daidai ka yi, shuɗiyar nan mai bakin mazurari, ni na ɓata maka. Na zauna na yi tunani a kai, na ga ma rashin dabara ne. Mutanen da suke tafiya tsakanin taurari, me zai sa su riƙe irin bindigar da muke gani a bakin hanya? Ka tuna tsuntsayen da muka gani a dausayin Baturiya, mai dogon baki kamar cokali, da wanda nasa ya lanƙwasa kamar lauje. Ka tuna furen bado in ya buɗe da safe, da ƙayar bayan kifin da Kawu yake cewa a yi hankali da ita. Ka ɗauko siffa daga nan. Duk wanda zai je taron nan daga waya ya kwafo tasa, iri ɗaya za su zo da su. Babu wanda ya taso a bakin kogin nan sai kai.

Ka yi ta gunduwa-gunduwa, yadda za a raba ta a sa a jaka, a haɗa sai an shiga cikin zauren taron. Kwalkwali ma sai a ciki. Kada ka sa shi a titi, ko a adaidaita, ko don abokai sun ce a ɗauki hoto a bakin gada. Na ciro soson kunnen, za ka gani, na kuma huda ƙwaryar ta gefe biyu da ƙusa mai zafi. Na san za ka ce na ɓata maka fenti. Ka shafe wajen, amma kada ka toshe hudar. Zai gurje maka kunne, ka haƙura. Kuma duk inda za ka sa kayan nan, a samu mutum ɗaya a gefenka da fuskarsa a buɗe, wanda idonsa yake kan mutane. Kada ya zama irina, mai kallon gilashin waya yana jiran rana ta yi ja.

Jarumin namu kuma na gyara masa labari, tunda ni na ƙirƙiro shi. Ba ya buƙatar ya tsorata kowa kafin ya isa inda masoyiyarsa take. Yana buƙatar ya isa ne kawai, da ransa. Littattafaina duka na duba, waɗanda suke gaban bindigar yanzu, wanda jarumin ya mutu a tsakiya ban taɓa karanta shi sau biyu ba.

Ka riƙe sallah a kan lokaci. Ka ci abinci kafin ka zauna aiki, don na san ka, in ka kama reza sai hanjinka ya yi kuka. Karatun da aka tura ka shi ne gaba, sulke yana bayansa, kada Babanku ya ce ni na lalata ka, ya riga ya fara faɗa da ido. In kuɗin fenti ya ci na abinci zan sani, a muryarka zan ji. In ka gama sabuwar ka turo min hotonta a wayar Babanku, zan nuna wa Hajja mai raunin ido daga ƙofar kicin. In ta ce bindiga ce, ka sake wata. In ta ce wane irin tsuntsu ne wannan, ka tafi taronka da albarkata.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ya kare ka daga tsoron masu tsoro da gaggawar masu gaggawa, ya kare ka daga shawarar masu son ka irin tawa. Ya kai ka lafiya, ya dawo min da kai lafiya, da ƙafarka.

Ka duba takardar nan daga sama har ƙasa, ba za ka ga sunanka ba. Sau ɗaya na kira shi, kuma ka san abin da ya sa. Abba, kada ka sa in sake kiransa, a inda ba za ka ji ni ba.

Ummanka,
Falmata